Tambaya ga injiniyoyi da magina: wai zaren faiba zai iya rage min rodi a dekin?

Abu_Khadija:

Assalamu alaikum jama'a, musamman injiniyoyi da maginan da ke nan. Dan Allah ina so a haska min wani abu kafin in kashe kuɗi. Sito nake ginawa na ajiye hatsi, masara da waken suya da ɗan riɗi, ƙasa sito, sama kuma ina so a zuba dekin a fitar da ofis da ɗakin mai gadi. Kowa dai ya san yadda rodi ya koma yanzu, yau ka tambayi farashi gobe ka dawo da kuɗinka a ce maka ai ya tashi. To a wajen sayen kaya ne wani bawan Allah ya nuna min wani zare fari siriri a cikin leda an yayyanka shi gajeru gajeru, yace faiba ne, ana zubawa a kankare lokacin kwaɓi, wai leda ɗaya ta ishi kubik mita guda kuma idan na sa zan iya rage rodin dekin ɗin da rabi, har yake ce min a Turai yanzu akwai gine-ginen da babu rodi ko ɗaya sai wannan zaren. Ni ba injiniya ba ne ɗan kasuwa ne, amma wlh maganar ta tsaya min a rai don in gaskiya ce ba ƙaramin sauƙi zan samu ba.

To shin gaskiya ne zan iya rage rodin? In kuma bai yiwuwa a dekin, ya batun daɓen ƙasa, don motoci za su riƙa shiga har ciki suna sauke kaya kuma na ga sitocin mutane da yawa daɓensu ya farfashe tun ba a je ko'ina ba. Sai kuma filasta, aikin zai faɗo cikin hunturu ne kuma na san yadda take tsattsagewa a lokacin. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya ba da lada.

Injiniya_MB:

Wa alaikumussalam Alhaji. Dan girman Allah kar ka cire ko sandar rodi ɗaya daga dekin ɗinka saboda wannan ledar, ko ba ka karanta sauran bayanina ba ka riƙe wannan. Yadda ka siffanta abin, zaren roba ne, polifurofilin, irin robar da ake saƙa buhunan hatsinka da ita, kuma yana da amfani na gaske amma ba wanda mai shagon ya faɗa maka ba.

Kankare in danna shi ake yi yana da juriya ƙwarai, amma in jan sa ake yi ko lanƙwasa shi to ƙarfinsa bai wuce kamar kashi 1 cikin 10 na wancan ba. Dekin kuwa lanƙwasuwa yake yi, da nauyin kansa da na abin da aka ɗora masa tsakiyarsa kullum so take ta sauka, cikinsa na ƙasa yana miƙewa, shi ya sa kake ganin a tsakiya an shimfiɗa rodi a ƙasa, a kan bim da fila kuma an ɗago shi sama don a nan jan a sama yake. Rodi an ajiye shi ne daidai inda jan yake, dogo, daga wannan bim zuwa wancan. Zare kuwa warwatse yake, wani a tsaye wani a kwance wani a karkace, kaɗan ne daga ciki za su dace da inda tsagar za ta bi. Ga kuma yawansa, wannan siririn na roba gram 600 zuwa 900 ake zubawa a kubik mita, kubik mitar da nauyinta ya kai kilo 2400, ta wajen cika wuri kamar kashi 1 cikin 1000 ke nan. Sannan robar ta fi kankare saurin miƙewa nesa ba kusa ba, kafin ta fara riƙe nauyi kankaren ya riga ya buɗe baki. To ta ina za ta ɗauki aikin rodi?

Aikinsa na awannin farko ne, lokacin da kankaren yake ɗanye. In aka zuba, ruwa yana tasowa sama, iska da rana suna kwashewa, idan kwashewar ta fi tasowar sauri sai fatar sama ta bushe ta tsuke alhali na ƙasa bai motsa ba, sai ka ga tsaga-tsaga kafin ma a tashi daga aiki. A ƙa'idar Amurkawa in ruwan da ke tashi ya doshi kilo 1 a kowace murabba'in mita cikin awa ɗaya to a yi hattara, mu kuwa a hunturu mai iska ko zafin Maris da Afrilu muna kaiwa nan cikin sauƙi. A nan ne siririn zaren yake taimakawa sosai, don a lokacin kankaren bai da ƙarfin komai, ko roba ta isa ta riƙe shi. Da ya yi tauri aikin zaren ya kusa ƙarewa.

Akwai wani daban na ƙarfe, wayoyi ne masu tsawon santimita 3 zuwa 6 da 'yar ƙugiya a kowane baki, irin su Dramix na kamfanin Bekaert na Beljiyam. Shi kilo 20 zuwa 40 ake zubawa a kubik mita a daɓen sito da masana'antu, ka ga tazarar da ke tsakaninsa da gram 900. Binciken zamani a kansa daga Amurka ya faro, James Romualdi da Gordon Batson suka buga aikinsu a 1963, kuma abin da aka yi ta tabbatarwa tun daga lokacin shi ne, a irin wannan yawan, zare ba ya hana kankare tsagewa in nauyi ya kai, ba ya kuma ƙara wani ƙarfin a zo a gani kafin tsagar. Abin da yake canzawa shi ne abin da zai faru BAYAN an tsage. Shi ya sa ba a auna shi da kiyub, ɗan dunƙulen kankaren gwajin nan da muka saba murƙushewa a kwana 28, za ka ga bambancin kaɗan ne ko ma babu. Ɗan bim ake zubawa mai kauri milimita 150, a ɗan yanka shi a ƙasa, a danna tsakiyarsa har ya tsage sai a ci gaba da dannawa ana rubuta nauyin da yake iya riƙewa yayin da tsagar take buɗewa, daga rabin milimita har uku da rabi. Kankare zalla da ya tsage shikenan ya rabu biyu, mai wayar ƙarfe kuwa yana ci gaba da riƙewa don sai an zare kowace waya daga cikin siminti da ƙugiyarta.

Daɓen sitonka shi ne inda maganar take da ma'ana, saboda ƙasa ce ke ɗauke da shi, ko ya tsage ba zai faɗo kan kowa ba, abin da ake so tsagar ta tsaya siririya kar bakinta ya riƙa ɓarewa in taya ta hau. A nan zaren ƙarfe, ko kuma wani mai kauri na roba da ake zuba kilo 3 zuwa 6, zai iya zama a madadin BRC, ragar wayar ƙarfen nan da ake shimfiɗawa a cikin daɓe. Ni ma na fi son sa a daɓe saboda ragar nan sau da yawa lebura da baro sun tattake ta ta koma can ƙasa kan yashi inda ba ta amfana komai, zare kuwa yana ko'ina cikin kaurin. Amma dekin da bim da fila da linta da matakala, rodi yadda zane ya ce.

Ɗan_Magina:

Injiniya Allah ya ƙara basira, ka yi bayani. Ni gini gadon gidanmu ne, na tashi na tarar da iyayenmu suna ginin ƙasa kafin mu mu koma bulo, to wannan abu da ake ta faiba faiba ba baƙo ba ne a wajen magina. Ƙasar tubali da ta yaɓe ba a kwaɓa ta zalla, sai an yayyanka ciyawa an zuba an tattake an bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin a taɓa. Sannan ga laso da ake shafe rufin soro da cikin rijiyar marina da shi, katsi ne na karofi a busar a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima wanda majema ke kankarewa daga fatar akuya, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Gashin nan aikinsa kenan, kar shafen ya tsattsage in yana bushewa ruwan sama ya samu hanya. Amma babu maginin da ya taɓa cewa tunda na sa gashi a laso bari in rage azara, azara ita ke ɗauke da rufin. Alhaji ka ɗauki rodi a matsayin azararka.

Abin da nake so in ƙara na wajen aiki ne wanda ba a gani a takarda. Zaren nan in da shebur za a kwaɓa a ƙasa to kuɗinka ka zubar, dunƙulewa yake yi, ka tarar da curi guda a nan can kuma babu ko ɗaya, na ƙarfen ma ya fi muni don curinsa rami yake bari a cikin daɓe. Sai da injin kwaɓi, kuma a riƙa barbaɗawa kaɗan kaɗan bayan tsakuwa da yashi sun shiga, a bar injin ya ƙara juyawa kamar minti 4 ko 5. To yaran da ake biya da yawan buhun da suka kwaɓa ba sa son wannan jiran. Na biyu, da zaren ya shiga kwaɓin sai ya yi kamar ya yi tauri, ba ya gudu, nan take za ka ji ana a ƙaro ruwa a ƙaro ruwa, kuma ruwan nan shi ke kashe kankare, abin da zaren zai gyara kaɗan ne a kan abin da bokitin ruwa ɗaya zai ɓata. Akwai maganin da ake ɗigawa ya sassauta kwaɓi ba tare da ƙarin ruwa ba, in za ka sayi zare to ka saya har da shi, kuma ka tsayar da mutum ɗaya a bakin injin wanda ba ya jin kunyar kowa.

Batun filasta kuwa gsky yawancin tsagewar da nake gani ba rashin zare ba ne. Bulo busasshe ƙayau a watsa masa filasta ya shanye ruwanta nan take, ko yashi mai laka, ko a cika siminti da yawa ana ganin gata aka yi wa bango, ko a yi da tsakar rana iska tana kaɗawa sannan ba wanda ya waiwaye ta da ruwa. A jiƙa bango tun dare, a samu yashi mai kyau, a yi da sassafe, a yi ta ban ruwa safe da yamma har mako. In ka yi wannan ka kuma ƙara zaren to madalla, zai taimaka. In ba ka yi ba zaren ba zai cece ka ba. Sai dai ka sani wani lokacin za ka ga gashi-gashi a fuskar filastar, ba matsala ba ne, ana gogewa ko a ɗan bi shi da wuta kafin fenti.

Ummi_Sibil:

Baba Allah ya ƙara girma, wlh na ji daɗin maganar laso don ko a aji ba a kawo mana ita ba. Ni a kan wannan fannin nake digiri na biyu, zaren rama nake gwadawa a kankare, ramar nan dai da muke kwaɗo da ganyenta, ɓawon karanta da ake igiya da shi yana da ƙarfin ja sosai kuma ga shi muna da ita ba sai an shigo da ita da dala ba. Amma ina so in ja kunnen masu tunanin su yanka rama ko ɓawon kwakwa su zuba a gininsu don sun ga wani rubutu a intanet yace ƙarfi ya ƙaru da kashi kaza.

Matsalar ita ce cikin siminti wuri ne mai kaifi ƙwarai, ma'auninsa na pH yana kai 12.5 zuwa 13, ruwan da ke cikin ƙofofin kankaren yana narkar da danƙon da ya haɗa zaren tsiro wuri ɗaya, sannan farar ƙasar da siminti ke fitarwa tana shiga cikin ramukan zaren ta daskare, sai zaren da yake da laushi ya koma mai karyewa ƙas. Ga shi kuma yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke ya saki simintin da ke kewaye da shi. A kwana 28 ba za ka ga wannan ba, sakamako zai yi kyau, sai an sha damina da rani. Wani mai bincike a Suwidin, Hans-Erik Gram, tun 1983 ya yi bayanin wannan a kan zaren sisal, wani tsiro da ake igiya da zaren ganyensa, kuma an gani a aikace, a shekarun 1970 da 1980 an yi ta yin kwanon rufi na siminti da sisal a ƙasashen Afirka da niyyar samar da rufi mai araha, da yawa suka tsattsage cikin 'yan shekaru har masu abin suka koma yin ƙananan tayil na rufi babu zare. A Burazil su Romildo Toledo Filho sun nuna in aka maye kusan rabin simintin da ƙonannen yumɓu wanda ke cinye farar ƙasar nan, zaren yana daɗewa bai lalace ba. Mu abin da ya fi kusa da mu tokar ɓuntun shinkafa ce, ga injinan casa a Kano da Kebbi da Jigawa ɓuntu tuli guda, amma ita ma sai an ƙona ta a zafin da aka auna, wajen digiri 500 zuwa 700, a niƙe ta lukui, ba wadda aka kwaso daga juji ba.

Haka gilashi ma, zaren gilashi na yau da kullum siminti cinye shi yake yi, sai a ƙarshen shekarun 1960 a Ingila aka samar da wanda aka sa wa sinadarin zirkoniya yake jurewa, shi ake yin allunan adon fuskar gini marasa nauyi da shi. Kuma kar mu manta asbestos ɗin da ke silin da rufin tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu shi ma siminti ne da zare, wani ɗan Ostiriya Ludwig Hatschek ya ƙirƙiro a 1900, ya yi aiki sosai ta wajen ƙarfi amma ƙurarsa tana jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru, dan Allah masu rushe tsohon gini a daina fasa shi da guduma ko yanka shi a bushe, a jiƙa shi a cire shi ɗungurungum.

Wanda ni nake ganin ya fi dacewa mu bi shi ne wayar tsohuwar taya, a Jami'ar Sheffield su Farfesa Kypros Pilakoutas sun daɗe suna aiki a kai kuma ƙarfen cikin taya mai inganci ne sosai. Amma da inji ake ciro ta a tsabtace a tace tsawonta, ba wadda aka ƙona taya aka kwasa ba, wuta tana rage mata ƙarfi ga hayaƙin da unguwa za ta shaƙa. Abin da ke damuna dai shi ne yawancin furojet ɗinmu a kiyub muke tsayawa, a murƙushe a kwana 7 da 14 da 28 a zana jadawali a tafi, alhali kamar yadda Injiniya yace amfanin zare bayan tsagewa yake, kuma injin da zai riƙa dannawa a hankali yana auna buɗewar tsaga ba kowane ɗakin gwaji ke da shi ba.

Sani_Ingila:

Ni kam ina ganin kun ɗan matsa wa mai shagon nan, ba duka maganarsa ce ƙarya ba. Ina aiki a wajen gine-gine a nan Landan, kuma ramukan jirgin ƙasa na Crossrail, layin Elizabeth da aka buɗe a 2022, yawancin guntayen kankaren da aka jera aka zagaye ramin da su zaren ƙarfe ne a ciki ba kejin rodi ba. Ya fi saurin yi a masana'anta, gefunansa ba sa ɓarewa in ana ɗauka, kuma tsatsa ba ta bin sa ta yi nisa tunda wayoyin ba a haɗe suke ba. Har siririn na robar da Alhaji ya gani ana zubawa a ciki amma don gobara. A Nuwamban 1996 wuta ta tashi a ramin da ya haɗa Ingila da Faransa ta ƙarƙashin teku, ruwan da ke cikin kankaren ya zama tururi ya rasa hanyar fita ya riƙa fasa shi yana ɓallewa, a wasu wuraren kusan duk kaurin bangon ya zube. Robar nan tana narkewa a wajen digiri 160, sai ta bar ƙananan hanyoyi tururin ya fita.

Kuma bincike ya wuce inda kuke magana. Farfesa Victor Li na Jami'ar Michigan tun farkon shekarun 1990 ya fito da wani kankare mai lanƙwasuwa, babu tsakuwa a ciki, zare kashi 2 cikin 100, yana iya miƙewa kashi 3 cikin 100 ko fiye bai rabu ba, maimakon tsaga ɗaya babba sai ya yi ƙanana da yawa da ƙyar ido ke gani. A Sherbrooke ta Kanada a 1997 an yi gadar ƙafa mai tsawon mita 60 da kankare mai zaren ƙarfe, kaurin daɓenta santimita 3 kacal. Har benaye an yi a Sifaniya da ƙasashen Baltik da dekin na zaren ƙarfe. To kar mu rufe ƙofa mu ce rodi ko mutuwa, duniya tana tafiya.

Injiniya_MB:

Malam Sani duk abin da ka kawo haka yake, ban musa ko ɗaya ba, amma duba kowanne da kyau. Bangon rami zobe ne, ƙasa tana matse shi ta ko'ina, yawancin aikinsa danna ne wanda dama kankare ya iya, jan da ke ciki kaɗan ne shi ya sa zare ya isa. Gadar Sherbrooke akwai igiyoyin ƙarfe da aka ja aka ɗaure suna matse ta, ba zaren kaɗai ke riƙe da mita 60 ba, kuma wannan kankaren a masana'anta ake dafa shi da awo na gram gram. Benayen da ka ce kuwa wajen kilo 100 na zaren ƙarfe suke zubawa a kowace kubik mita, wanda in ka auna rodin da ke cikin dekin na gida shi ma kusan nan yake, ka ga ba ƙarfe suka rage ba, kuɗin ƙwadago da lokaci suka rage don a can kuɗin leburan ɗaurin rodi ya fi ƙarfen tsada, mu kuwa akasin haka ne. Kuma duk da haka sai da suka bi da rodi daga fila zuwa fila ta ƙasa, don in wani wuri ya gaza kar ginin ya bi juna ya zube. Ƙa'idar gini ta Amurka, ACI 318, tun 2008 ta yarda a wasu ƙananan bim a sa zaren ƙarfe a madadin mafi ƙarancin ring, wato zobban rodin da ake zagaye sandunan bim da su, da sharaɗin kilo 60 a kubik mita zuwa sama da kuma gwaji, amma manyan sandunan ƙasa suna nan ba a taɓa su ba.

Duk waɗannan da lissafi aka yi su da gwaji da injin auna kaya, wani ya sa hannu ya ɗauki alhaki. Abin da ke gaban Alhaji leda ce ta gram 900 da kwaɓin bakin titi da mai gadi da zai kwana a kan dekin ɗin, mutane kuma suna sauke buhu a ƙarƙashinsa. In rodi ya yi tsada akwai hanyoyin ragewa na halal, a ƙara bim a rage faɗin dekin, ko a yi mai haƙarƙari da bulon cikawa, ko ma a fasa dekin a yi ofis ɗin a gefe a ƙasa, amma injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ne zai zauna ya lissafa.

Abu_Khadija:

Tohm Alhamdulillah, na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri. Dekin zan bar shi yadda zane ya nuna, zan ma koma wajen wanda ya yi zanen in ji ko ƙarin bim ɗin zai rage min wani abu. Daɓen ne nake so Injiniya ka ƙara min haske, kauri nawa, kuma in na sa na ƙarfen shikenan ba zai tsage ba?

Injiniya_MB:

Zai iya tsagewa Alhaji, kankare yana tsukewa in yana bushewa ko me ka sa masa, dabarar ita ce kai ka zaɓa masa inda zai tsage. Kauri ba zan yanke maka daga nan ba sai an san ƙasar wurin da irin motar da za ta shiga, amma in manyan motoci ne kar ka yi tunanin ƙasa da milimita 150, sau da yawa ma ya fi haka. Kafin kankare a kwashe baƙar ƙasar sama, a zuba burji hawa hawa ana jiƙawa ana dandaƙewa da inji, yawancin sitocin da ka ga sun farfashe daga nan matsalar take, cikon ne ya zauna. In ƙasar wurin irin baƙar lakar nan ce mai kumbura da damina ta dare da rani to sai an yi gwajin ƙasa tukuna. A shimfiɗa leda don danshi kar ya taso wa hatsinka. Bayan an zuba, cikin awa 24 a yanka layuka da inji, zurfin kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin tunda akwai zare, tazarar mita 4 zuwa 4 da rabi in kaurin 150 ne, a kuma raba daɓen da fila da bango da wani abu mai laushi kar su riƙe shi. Bakin ƙofa inda taya ke hawa da kusurwoyin fila a ƙara 'yan sandunan rodi ko da akwai zare. Ka kuma nemi takardar gwajin zaren daga mai sayarwa wadda ta nuna kilo nawa ya ba da ƙarfi nawa, in ba shi da ita ka koma BRC a ɗora ta a kan biskit, 'yan guntayen kankaren da ke ɗaga ta daga ƙasa, yadda ya kamata. Sai rufewa da leda ko jiƙaƙƙen buhun algarara da zarar an gama shafe, kwana 7 ba fashi, kuma kar mota ta hau sai ya cika kwana 28.

Ummi_Sibil:

Alhaji in Allah ya sa ka yanke shawarar sa na ƙarfen dan Allah ka sanar a nan kafin ranar zubawa, ina so in zo da mazubi in ɗebi kaɗan daga kwaɓin in yi bim guda shida, uku in gwada a kwana 28 uku kuma in bar su a waje su sha damina ɗaya, zan turo maka sakamakon kai da Injiniya.